Gado Na Tara

Ƙarfe biyun dare, ruwan Ikko na dukan kwano,
janareta na gurnani a bayan ɗakin magani.
Na ɗau tocila da igiyar awo irin ta tela,
na nufi gado na tara, wajen Nomau,
mai cewa barci kaɗai ne maganin karaya.

Direban tirela ne, albasa yake saukewa daga Aliero.
Shekara ashirin da shida bai kifar da buhu ba,
sai ga ruɓaɓɓen tumatir a Mil Sha Biyu
ya kwashe masa ƙafa, ƙugu ya tsage,
aka ɗaure ƙashin da ƙarfe shekaranjiya.

"Miƙo ƙafa, Nomau."
"Sista Hansatu, ai ta hagu aka yi wa aiki."
"Duka biyun nake so."
Na zagaya igiya a sha-raɓa,
talatin da huɗu nan, talatin da huɗu can.
Na ɗora bayan hannu: ba zafi, ba kumburi, ba sheƙi.
Na rubuta, sannan na sauke ajiyar zuciya.

Ya ce, me kike nema ne, kamar mai laluben kuɗi?
Na ce, kai da ka kwana tara a layin Apapa,
ai ka san abin da tsayuwa ke haifarwa.
Mota ɗaya ta mutu, goma su taru a bayanta,
kafin asuba titi ya zama dutse.
Haka jini yake in an bar shi kwance,
sai ya yi guda, ya laɓe cikin jijiya.

Ran da gudan ya ɓalle kuwa, birkinsa a tsinke yake,
ba ya sauke fasinja, ba ya jin usur,
tasharsa huhu.
Nomau ya yi shiru, ya daina dariya.

To, taka totur. Saki. Taka kuma.
Juya agara kamar kana zana faifai da yatsa.
Goma, duk sa'ar da idonka ke buɗe.
Kar ka harɗe su, kar a cusa filo ƙarƙashin gwiwa.
Farar safar nan mai matsi, na ja ta, na warware ninkinta.
Ya ce, safa da zafin Ikko, sai ka ce ɗan firamare!
Na ce, sha ruwa, ɗage riga,
ga 'yar allurarka gefen cibiya.

Ƙanensa Arzika ya zo jiya daga Agege
da man zafi a kwalba, ya naɗe hannun riga.
Na riƙe hannun. Ƙauna ce, na sani,
amma in akwai guda, matsa ce ke sallamar sa.
Ya tafi yana ƙunƙuni, kwalbar na wurina ajiya.

Ban gaya musu ba.
A gadon nan, daminar bara, Baba Oyewole
ya ninke kayansa, matarsa ta kira tasi,
ya miƙe ya ce, ƙirjina.
Shi ke nan.
Takalmansa sun kwana biyu ƙarƙashin gado.
Tun ranar nake zagaye da igiyar tela,
ina farautar abin da ba ya ƙara, ba ya kiran wuya.

Ruwa ya ɗauke da asuba.
Ni ta dama, Morenike ta hagu,
ƙarfe mai ƙafa huɗu a gabansa.
Taku ɗaya, ya kira sunan Allah.
Taku uku, ya zagi tumatir.
A na bakwai muka kai taga,
gumi na tsiyaya daga gemunsa.
Can ƙasa danfo sun cushe, ruwan ɗorawa har gada,
kwandasta na rataye, ba mai motsi.

Ya nuna da haɓa: "Sista, ga su can, sun daskare."
Na ce, bar su.
Kai dai juyo, mu ci gaba da tafiya.